Kajin Tsohon Masinja

Gara in faɗi gaskiya tun daga farko, ba tausayin tsofaffi ne ya sa na ɗaga hannu ba, keke nake so. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Malumfashi, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, aikina in bi gonaki ina koya wa mutanen da suka girmi ubana yadda ake shuka auduga. Kekena ya mutu murus, duk yawon nan a ƙafa nake yin sa.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna suka ƙare tun gero bai fid da kai ba. Sai manyan gari suka kafa kwamiti don a riƙa kai wa tsofaffin ma'aikata 'yan fansho abinci a ƙauyuka. 'Yan kasuwa suka ba da dawa, aka haɗa da garin madara da aka ce daga ƙasar waje ya zo. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne mai sayen auduga, mutumin kirki, amma in ya fara jawabi sai ka yi alwala sau biyu bai kai tsakiya ba. Ya ce aikin sa kai ne, ladansa sai a lahira, sai dai duk wanda ya yarda za a ba shi aron sabon keke. Kafin ya rufe baki hannuna yana sama. Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam." Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Gida shida aka ba ni, duk ta wajen Dayi, Asabar ɗaya in je, Asabar ɗaya in huta.

Abin da duk hulunan kwamitin nan ba su tuna ba shi ne tukwici. A wajenmu wa zai sallami ɗan aike hannu rabbana? Gidan farko wani tsohon ɗan doka ya ba ni goro biyu. Wani tsohon soja Bamaguje, mai fara'a, ya jawo mini tulun burkutu, na ce, "Baba, da keke nake, kuma ga azahar ta kusa." Ya yi dariya har da tari, ya sa aka gasa mini masara. Na ce a raina, ashe ladan nan ba duka aka ajiye sai lahira ba.

Gida na ƙarshe na wani tsohon masinja ne, shi da matarsa su biyu rak. Ya shekara talatin yana kai takardu tsakanin ofis da ƙauyuka. Ɗansu ɗaya ya tafi Kurmi aikin gonar koko, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Da na yi sallama sai da ya bar ni tsaye a zaure ya shiga ya sako tsohuwar kwat ɗinsa ta kaki. Na sauke ƙullin dawa na ce ga shi in ji kwamiti.

Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Kwamiti, Baba."

"Kwamiti yana da baki? Wa ya aiko ka?"

Na ce Alhaji ne.

"To, haka ake isar da saƙo? Ka jibge kaya kamar jaki ya kayar da mangala? Durƙusa. Ka ce, Alhaji yana gaishe ka, ya ce a kawo maka wannan."

Ni da satifiket ɗina na aikin gona, na durƙusa na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya ce ya amsa, ya gode, Allah ya bar zumunci. Sannan ya ɗaga murya, "Ke, kamo wa ɗan aike kaza!"

Kaji huɗu ne a gidan, na gan su suna tono a gindin rumbu. Na yi irin 'yar ƙin nan ta baki, "Haba Baba, a bar shi mana," alhali hannuna ya riga ya kama ƙafafunta. Na kai wa matar yayana ta yi farfesu. Allah na tuba, ta yi daɗi. Zuwa na biyu aka sake kamo wata, na uku ma haka. Har na fara ɗokin gidan tun daga Juma'a.

Ran da na karɓi ta ukun ne, na tura keke na fita, sai na ji ana kirana ta bayan danga. Matar tsohon ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ido ne, ko cikinka ne ya rufe maka su?"

Na ce, "Inna, me na yi?"

"Me ka yi? Da ƙwan kajin nan nake musayar gishiri da daddawa da ɗan mai. Dawarku gaya za mu ci ta? Madarar nan taku kuwa gudawa take sa shi, akuyar maƙwabta nake dama wa. Ka kawo mana tuwo, ka tafi da miya. Saura ɗaya, ita ce mai yin ƙwai kullum. In ka cinye ta, ka zo ka cinye mu."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kazar tana rataye a kan keke tana kallona, ni ma ina kallonta. Na ce in mayar, ta ce kul, in ya gani zai ce ta kai ƙararsa. Haka na tafi da ita, kuma kada in yi wa kaina ƙarya, ita ma an ci ta.

Zuwa na huɗu na shirya. Na durƙusa, na isar da gaisuwar Alhaji yadda ya koya mini, yana cewa a kamo kaza na ce, "A'a Baba, yau kam na yafe."

Ya dube ni. Ya ce, "Ka yafe me?"

"Tukwicin. An hana mu karɓa." Ƙarya nake, ba wanda ya hana.

Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina wannan aiki. Abin da aka aiko wa mutum, ana ba da tukwicinsa. Wanda ba a ba da tukwici a kansa ba sadaka ce. Sadaka Alhaji ya aiko mini?"

Na fara kame-kame. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki ƙullin dawar nan, ya ɗora a bayan kekena, ya ɗaure tam. Ni kuma ina da zuciya, tun ina yaro an san ni da ita. Na ce, "Baba, wannan ai taurin kai ne! Yunwa za ta kashe ku a banza!"

Ya ce, "Ka gaida Alhaji."

Na kai wa Alhaji maganar. Ya yi mini jawabi mai tsawo a kan muhimmancin tsofaffi ga ƙasa mai tasowa, daga ƙarshe ya ce in yi dabara. Da na san abin da zan samu ke nan da ban ɓata wankina ba.

Kwana uku na kasa sukuni. Ran Talata na bar gonakin auduga na koma da dawar. Na tarar da Inna a bakin rijiya tana wanke tafasa, ganyen da za su ci ke nan ranar, ba komai a kai. Nan muka ƙulla dabara ni da ita. Zan karɓi kazar a gabansa, in na kai gindin kukar da ke bayan gari in jira, ita kuma ta fito kamar za ta itace, in miƙa mata abarta. Haka aka yi. Ya karɓi dawa, na karɓi kaza, kowa ya yi godiya, kaza ta kwana a gida. Na dawo Malumfashi ina fito a kan keke, ina ganin duk lardin babu mai wayona.

Da na sake zuwa, ga kazar tana kiwo a gabansa. Ya ce, "Ta gudo. Ba ka iya ɗauri ba." Ya ɗaure mini ita da kansa, ƙulli uku. Na ce lallai kam, Baba, kajin yanzu sai a hankali. Gindin kuka Inna ta karɓe ta, muna ta dariya ni da ita har tana riƙe ciki. Sai da na ba abokaina labari a wurin mai shayi, suka ce kai, Malam, ka iya shege.

Asabar ɗin da na sake komawa, tun daga zaure na ji ƙamshi. An shimfiɗa tabarma, an ajiye akushi a rufe da faifai. Na durƙusa na isar da saƙo, ya amsa, ya ce, "Zauna."

Ya buɗe faifan da kansa. Tuwon dawa ne, ga kaza an yanka ta an dafa, duk gaɓoɓinta suna nan, har wuya da ƙundu.

Ya ce, "Na ga ba ta son hawa keke. Yau ka tafi da ita a cikinka."

Na waiwaya, Inna tana tsaye a ƙofar madafa, idanunta jawur. Ba wanda ya tambaye ta, ta ce hayaƙi ne.

Na ce, "To Baba, bismilla, mu ci tare."

Ya ce, "Ka taɓa ganin an ba da tukwici an sa hannu a ciki?"

Na ci. Me zan yi? In na ƙi, dawar za ta koma bayan keke, kazar kuma ba za ta tashi ba. Ina ci yana kallona, maƙogwaronsa yana motsi, ya kau da kai ya yi kamar yana gyara hula. Na tura cinya ɗaya gefen akushi don Inna ta samu in ta zo ɗauka, ya sa ɗan yatsa ya turo mini ita. Na ci abinci marar daɗi da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ƙin jinin abinci kamar wannan ba, kuma ta dahu, ba abin da ta rasa. Haushin tsohon nake ji, ina jin haushin kaina ya fi, hawaye na neman zubo mini, na ce yaji ne ya yi yawa. Sai da ya ga ƙashi zalla sannan ya miƙo mini ruwan wanke hannu.

Ya raka ni har ƙofar gida, ya ce, "Sai Asabar ta sama ke nan?"

Na ce in Allah ya yarda.

Ina juya keke na waiwaya. Ya koma ciki yana tsaye a tsakar gida, hannu a baya, yana duba turmi, yana duba buta, yana duba tabarmar da na tashi a kai, yana neman abin da zai ba ni in na dawo.