Wata Biyu Na Hana 'Yata Taka Ƙasa

A shekarun da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye tsakanin Bici da Tsanyawa, inda gida ke jingine da gida, ko tari kika yi maƙwabta sun ji. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An san ni da kula da yara, kuma ba zan ɓoye ba, ina son a yabe ni a kan haka fiye da kima. In aka ce ai wance ba ta wasa da 'ya'yanta, ranar har tuwo sai ya fi mini daɗi. Na rubuto muku ne don na gaji da yadda ake juya zancen nan a garinmu, gara a ji shi daga bakina.

Da kaka ne, ana kwasar gyaɗa. 'Yata ta fari, mai shekara takwas, ta hau amalanken babanta ana kawo harawa gida, shanun suka zabura, ta faɗo a kan gwiwar hagu. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura suntum. Aka kira mai ɗorin garinmu, dattijo ne da ya gaji sana'ar, ya lalluba ya ce babu karaya, targaɗe ne mai ƙarfi. Ya shafa magani, ya jera karare ya ɗaure. Bayan sati biyu ya dawo ya kwance, kuma tsakani da Allah da kunnena na ji ya ce a bar ta ta fara takawa kaɗan-kaɗan tana dafa bango. Ban taɓa ɗora masa laifin komai ba.

Sai dai kafin ya zo 'yan dubiya sun riga sun cika mini kunne. Wannan ta ce ɗan yayarta an yi gaggawar tayar da shi, har yau yana ɗingishi. Waccan ta ce in iska ta shiga gwiwa shi ke nan. Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ta ce ƙafar 'ya mace ba abin wasa ba ce. Sai na yanke a raina cewa ƙafar nan ba za ta taɓa ƙasa ba sai ciwo ya tafi ƙurmus. Goya ta nake in kai ta banɗaki, in goyo ta in dawo da ita kan tabarma, ƙafar a miƙe a kan matashi. Tana roƙona in bar ta ko ƙofar gida ta leƙa ta ga ƙawayenta, ina hanawa. Wata rana na fito daga madafi na same ta tsaye ta dafa turmi tana murmushi, na daka mata tsawar da ta sa ta zube ta fashe da kuka. Mata na shigowa suna ganina da goyon ƙatuwar yarinya suna sa mini albarka, ni kuwa kaina na ƙara girma. Haka muka cinye wata biyu.

Ranar da na ga dama na ce ta tashi, sai gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ƙafar ta rame ta sandare kamar muciya, yarinya na jan ta a ƙasa. Ran kasuwa muka shiga motar haya da babanta zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka tura mu wurin wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi. Ta tambaye ni rabon yarinyar da tafiya. Ni da wautata har da ɗaga kai na ce ai wata biyu ban bar ta ta taka ƙasa ba, ina jiran a yaba. Matar ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce targaɗen ya daɗe da warkewa, zaman ne ya ƙagar da gwiwar, kuma in aka ƙara sakaci haka za ta tabbata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, tun daga asibitin har gida ban iya duban fuskar 'yata ba.

Ta koya mini abin da zan riƙa yi safe da yamma. In zaunar da yarinyar a bakin gado ƙafar na reto, in riƙe dunduniyar in tura baya a hankali har ta ji yana ja, in tsaya, in sake. Ita kuma yarinyar ta kwanta a tabarma ta jawo dunduniya da kanta. Ta zagaya tsakar gida da sanda, kullum a ɗan ƙara. Matar ta ce zafin ja dole ne, kada ya tsorata ni, amma in gwiwar ta kumbura ko ta ɗau zafi a huta kwana ɗaya ko biyu sannan a ci gaba. Gudu da tsalle da ɗaukar kaya kuwa ta hana har sai ita ta ba da izini.

A nan gari ya juya mini baya. Yarinya tana kuka in ana turawa, kukan kuma yana tsallake katanga. Matan da suka gama sa mini albarka su ne suka fara cewa asibiti ta ɓata ni, ba ni da imani, ina karya ƙafar da Allah ya ɗora. Na yi kunnen uwar shegu da su. Ran nan na tafi kai ƙuli-ƙuli, na dawo na tarar Inna ta ɗauke yarinyar ta kai ɗakinta ta kwantar, ta ce ba za a ƙara azabtar mata da jika a gidan nan ba. Mijina ya ce in yi haƙuri ta huce. Na yi haƙurin kwana uku ina ƙirga su da ciwon rai, don na san kowace rana gwiwar ƙara ƙagewa take. A na huɗu na shiga ɗakin, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na gaya mata cewa wata biyu na bi maganar gari ga inda ta kai ni, yanzu kuma zan bi maganar wadda ta ga hoton ƙashin. Ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce haka ne, amma in yarinyar nan ta girma tana jan ƙafa ba wanda za ta tambaya sai ni. Ban goye ta ba. Sandarta na miƙa mata, ta fito da ƙafarta ina biye, Inna na ta faɗa a bayanmu. Kusan wata guda ba ta amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe ta ba, ban fasa tura dunduniyar ba.

Da yarinya ta yar da sanda sai rigima ta sake salo. Masu cewa ina azabtar da ita suka koma cewa tunda tana tafiya me zai hana ta ɗebo ruwa a burtsatse kamar sa'o'inta, wai ina sangarta ta. Na ce jarka ba za ta hau kanta ba. Ita ma ja'irar ta saci jiki ta je 'yar gala-gala, ta dawo da gwiwa a kumbure. Nan da nan aka ce ga irinta nan, a mayar da ita tabarma. Kwana biyu na hutar da ita, kumburin ya saɓe, na uku muka koma zagayen tsakar gida. Sai da muka koma asibiti sau huɗu kafin matar ta ce to yanzu ta yi wasanta.

Yau shekararta goma sha uku. Da ƙafa take zuwa makaranta, in ta zura da gudu ƙannenta ba sa kamo ta. Amma gwiwar ba ta naɗewa har ƙarshe, kuma an gaya mini da wuya ta ƙara. In ta zo zaman tahiya sai ta miƙe ƙafar gefe. Har gobe a garinmu akwai masu cewa turawar da na yi ce ta jawo, kuma ko sau ɗaya ban ba kowa haƙuri a kan kukan da na sa ta ba, ba kuma zan bayar ba. Iyaye mata 'yan'uwana, in yaronku ya ji ciwo a gwiwa ku kai shi a duba, ku tambaya dalla-dalla yaushe zai taka, me zai yi, me zai bari, ku riƙe amsar ko duk gari zai zage ku. Kada ku saki yaro ya yi ta tsalle, kada kuma daɗin yabo ya sa ku mayar da shi jariri. 'Yan dubiya suna shan ruwa su tafi gidajensu. Ni ce nake sallah a bayan 'yata sau biyar a rana, ina kallon ƙafar nan a miƙe, na kuma san a bayana na goya ta har ta zama haka.