Yatsun Hagunki Sun Faɗa, Na Soke da Jan Biro

Mataimakiyar bincike a ɗakin gwajinmu, wadda ɗalibai ke kira Anti Ma'auni, ta rasu da safiyar Talata, 14 ga Mayu, bayan jinyar mako bakwai. Likitoci sun ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ta bar miji da 'ya'ya uku. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Anti Ma'auni, ni ne shugaban ɗakin, kuma shekara tara muka yi da ke muna auna yadda fatar mutum ke jin taɓi. A rufe wa mutum ido, a ɗora masa ƙarfe mai tsini biyu a kan yatsa, a tambaye shi: ɗaya ko biyu? A yi ta matso da tsinin kusa da juna har ya kasa bambancewa, sai a rubuta tazarar.

Ba ki taɓa ɗora wa kowa ƙarfen nan da sanyinsa ba, sai kin ɗumama shi a tafinki. Na tuna wani tsohon tela da ya zo gwaji, ya miƙo hannu yana cewa, "'Yata, shekara arba'in allura na cin yatsun nan, me za ki samu?" Kika ce, "Baba, abin da ta rage nake nema." Sau shida ya dawo, ba don mu ba.

Kowace Litinin a yatsunki muke fara gwada ƙarfen, domin amsarki ba ta motsi: milimita biyu, dama da hagu. Daga nan laƙabinki ya fito.

A watan Nuwamba hagunki ya ba da huɗu. Na ce ƙarfen ne ya lanƙwashe, na aika da shi wurin gyara. A Janairu ya ba da shida, dama tana nan a biyu. Kika kalli yatsunki kika ce, "Malam, ko dai ni ce na lanƙwashe?" Muka yi dariya. Na ce, "Ke ai ba kya lalacewa." Na ɗauki jan biro na soke lambobin, na ce daga yau mu riƙa amfani da damarki kawai. Akwai rahoton da muke sauri mu miƙa.

Da ƙarfen ne ya lalace, da hannu biyun duka sun ba da kuskure. Wannan shi nake koya wa ɗaliban shekarar farko, da bakina. Na saba ganinki a matsayin abin da ake auna komai da shi, har na manta ke ma jiki gare ki. A ƙarshen Maris kofi ya suɓuce miki, kwana uku bayan haka kika faɗi a bakin ƙofar ɗakin.

Da na je duba ki a asibiti, abin da kika tambaya shi ne wa ke ɗumama ƙarfen yanzu. Na amsa wannan. Zancen jan biro kuwa ban iya ɗauko shi ba. Sai bayan jana'iza na faɗa wa maigidanki. Ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare." Na yarda da haka. Amma biron a hannuna yake.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki, ina miƙa ta'aziyyata da ta abokan aiki. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, ku kuma ku yafe mini.

Littafin da muke rubuta awon Litinin ɗin yanzu yana hannun likitan da ya duba ki. Na tambaye shi ko da an kawo ki a Nuwamba da an iya yin wani abu. Ya ce sai ya gwama lambobin da hotunan ƙwaƙwalwar. Zuwa lokacin rubuta wannan, bai ba da amsa ba.