Lilon Sokode da tambayar Alhaji Bukari

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, ku matso ku ji. Cikin duk shekarun da na yi ina yawo da baƙi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na kai su wurin masaƙa a Sokode na tarar da katafila.

A lokacin ni gid ne a wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido. Ga wanda bai san tsarin ba, direkta, wanda muke kira patoro, wato maigida, yana zaune a biro, wato ofis, a Lome, shi ke karɓar baƙi ya tsara musu hanya. Direba yana tuƙi. Gid kuwa shi ne bakin baƙi da kunnensu: ya fassara, ya yi bayani, ya san ƙofar da ake shiga da wadda ba a shiga. Hanyarmu ta arewa ba ta canzawa. Mu ci abinci a Bilita, mu kwana a Sokode, mu wuce Dapango.

A Sokode akwai wani fili a bakin unguwa, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, inda masaƙa ke miƙa zarensu tun zamanin iyayensu. Babbansu shi ne Baba Alasani, dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli mai Hausar Zongo. Yakan zaunar da baƙo a wurinsa, ya ba shi ƙoshiyar saƙa ya ce ya jefa. Baƙon ya rikita zaren, kowa ya yi ta dariya, a ƙarshe ya sayi zane ya tafi yana murna. Ban taɓa kai wani can ya ce mu yi sauri mu tafi ba.

Ran nan muka shawo kwana, direba ya taka birki. Babu itace ko ɗaya a tsaye. Katafila tana ture kututture, ɗanyen mangwaro a warwatse cikin jar ƙasa. A bakin hanya an kafa wani ƙaton allo da hoton lilo, irin na ƙarfe mai kamar ƙafar keke, wanda ya fi hasumiyar masallaci tsawo, da ƙananan ɗakuna rataye a jikinsa, mutane su shiga ya ɗaga su sama su hango gari.

Na kira direkta a waya.

"Patoro, ina masaƙa?"

"Ka nuna wa baƙin allon," in ji shi. "Ci gaba ne, Isifu. Ranar da lilon nan ya fara juyawa, sai mun ƙaro motoci."

Daga baya na ji cewa ya haɗa kai da wani ɗan kwangila daga Lome, wanda ya karɓi hayar filin daga hannun ɗaya daga cikin 'ya'yan masu shi. Ba wanda ya tambayi masaƙa, ba wanda ya tambayi mu da ke kawo baƙin.

Wata dattijuwa cikin baƙin ta dubi allon ta ce da ni, "Muna da irin wannan a garinmu, jikokina ma sun gaji da shi. Ni tsohon nan na zo gani, wanda ƙawata ta ba ni labarinsa."

Na kai su gidan Baba Alasani. Muka same shi a zaure, kayan saƙarsa a ɗaure a jingine da bango. Zaren saƙa tsawo yake so, a miƙa shi nesa, zauren kuwa ko tabarma da ƙyar yake ɗauka. Na durƙusa na gaishe shi.

"Isifu ɗana," ya ce, "ba su ma bari mangwaron ya nuna ba."

"Baba, me suka ce muku?"

"Wai in lilon ya tashi za a yi mana rumfa a gindinsa, mu riƙa saƙa ana ɗaukarmu hoto."

Dattijuwar ta ce in fassara mata. Don takaici na yi wa Baba sallama, na mayar da baƙin mota ba tare da na fassara ba.

Damina ta zo ta wuce. Abin da aka yi a filin shi ne rami, da ƙarafa tsirara a tsakiyarsa. Ruwa ya cika shi, kwaɗi suka samu gida, sauro ya hana maƙwabta barci. Masaƙa suka watse. Samarin cikinsu suka koma zemijan, wato haya da babur, wani ya tafi noma wajen Bilita. Baƙi suka daina kwana a Sokode, sai dai mu sha mai mu wuce. Masu otel da masu sayar da wagashi, wato cukun Fulani, duk suka ji a jikinsu.

Ana nan sai direkta ya kira ni, wai in raka ɗan kwangilar nan zuwa Dapango in yi masa tafinta. Ashe can ma lilo yake so ya kafa, a inda mahauta ke gasa nama kusa da tasha. Na tafi, don a aikin nan in an aike ka sai ka je.

Aka taru a wata rumfa, mahauta, da mata masu abinci, da direbobin manyan motoci 'yan Nijar. Mutumin ya yi ta zuba Faransanci ina mayarwa Hausa: Turawa za su cika gari, 'yan Burkina za su riƙa tsallakowa, kowa zai samu. Na fassara duka yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, domin ƙa'idar tafinta ke nan.

Sai shugaban mahauta, Alhaji Bukari, ya ɗaga hannu. Bai dubi ɗan kwangilar ba, ni ya duba.

"Yaro, daga harshenka kai ɗan Sokode ne. Naku lilon, yana juyawa?"

Ɗan kwangilar ya tambaye ni me aka ce, na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ce masa saura fenti."

Saura fenti! Ni da nake bi ta gefen ramin nan kullum! Na ce, "Alhaji, shi ya ce in gaya maka saura fenti. Amma da yake ni ka tambaya, babu lilo a Sokode. Rami ne cike da ruwa. An sare itatuwa, an kori masaƙa, babbansu yana zaune a zaure da kayansa a ɗaure."

Alhaji Bukari ya miƙe, ya kaɗe rigarsa ya ce, "To, mun gode. A gaida mutanen Sokode." Ya koma wajen namansa, jama'a suka bi bayansa.

Ɗan kwangilar bai jin Hausa, amma ya ga kujeru babu kowa. Ya shiga motarsa ya bar ni a tsaye. Wani direba ɗan Nijar ne ya ɗauko ni a babbar motarsa, kuma tun muna hanya direkta ya kira ya ce kada in sake taka masa biro. Na daɗe ina zaune ba aiki kafin in samu wannan wurin da muke tare. Mahautan Dapango suna nan suna gashinsu. Baba Alasani kuwa Allah ya yi masa rasuwa bai sake miƙa zare a fili ba, kuma wannan har gobe yana ƙona mini rai.

Ban ce lilo mugun abu ba ne. Wataƙila a wani babban birni ya yi amfani. Amma baƙo ba ya tsallako teku don ya ga abin da ya baro a ƙofar gidansa, kuma garin da ya kori mutanensa don ya burge baƙi ya rasa duka biyun. Za a sa ku fassara maganar manya, ku fassara ta daidai. Amma in mutumin gari ya dube ku ya tambaye ku abin da idonku ya gani, wannan ba fassara ba ce. Baƙo zai hau jirgi, patoro zai koma biro. Ku kuwa mutanen nan ne za su ɗauki gawarku.