Hoton da Yaya Ya Kasa Ɗauka

Yayana mai hoto ne, kuma shekara talatin ke nan yana hana mutane dariya. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: farin ƙyalle a bango, kujera marar jingina, fitila biyu, da almakashin da ya ɗaure da zare don kada a ara. Yawancin masu zuwa matasa ne masu cike takardun fita waje, wasu karatu, wasu aiki. Kana zama zai ce, "Ɗaga haɓa. Cire tabarau. Rufe bakin nan, ba tallar haƙori ka zo ba." Minti biyar ya sallame ka. Ba a taɓa dawo masa da hoto ba, kuma kunnenmu bai huta da jin haka ba.

Sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama karatun jinya, wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin sa kai na shekara ɗaya a wani asibiti a ƙasar waje. Hoto huɗu kawai ya rage, kuma ranar Alhamis ake rufe karɓar takardu.

Litinin ya ɗauke ta, ya ce inuwa ta fito. Talata ya ce ƙyallen ya yi datti, sai an wanke. Laraba wai takardar hoto ta ƙare, alhali ga kwalinta nan ƙarƙashin tebur ina kallo. Haushi kamar ya kashe ni, amma na san inda ke yi masa ciwo. A kan kujerar nan babban ɗansa ya zauna shekara shida da suka wuce. Aikin wata tara ya tafi, har yau sai dai mu ji muryarsa a waya.

Alhamis da safe na raka ta shagon, na shirya faɗa tun daga gida. Auta ta riga ni magana, ita kuma a hankali.

"Baba, in ba ka son in tafi, ka faɗa mini da bakinka, wallahi zan haƙura. Amma kar ka ce hoto ne."

Ya daɗe yana goge gilashin kyamara.

"Wa ya ce miki ba na so? Zauna."

Ta zauna. Ya kunna fitilu, ya gyara mata kafaɗa, ya koma ya kafa ido.

"Kin motsa."

"Ban motsa ba, Baba."

Ba ta motsa ba kam. Ya ɗora kyamarar a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ya sake leƙawa, ya ɗago, ya sa hannun riga ya share fuska. Faɗan da na zo da shi ya bi iska, tausayinsa ya kama ni.

"Ke, zo nan," ya ce da ni. "Na daidaita komai. Danna nan kawai."

"Haba Yaya, ni ina na iya?"

"Danna mana. Ni ba na ganin ta sosai."

Na danna. Ya fitar da hoton, ya yanka huɗu cif, ya zuba a ambulan, ya miƙa mata ba tare da ya duba ko ya yi kyau ba. Sannan ya kalli agogon bango.

"Sha biyu suke rufewa. Hau babur, kar ki tsaya jiran mota."