Rabon Gidanmu a Ganuwa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da wani aminina da ke tuƙi. Gwaggo ce ta matsa a yi tafiyar. Yanar ido ta kusa rufe mata gani, ta ce kafin ya tafi gaba ɗaya tana so ta ga ganuwar ƙauyenmu da ke kusa da Kwandiko. Ni ma da tawa a ciki: in nuna mata ɗakunan ƙasa da nake ginawa a can. Ku da kuke bibiyata kun san bakina a kan masu yanka ganuwar Kano suna kafa shaguna. Ba irin sunan da ban kira su da shi ba.

Hanya lafiya lau har Wudil, daga nan ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. A Birnin Kudu muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Gwaggo ta jujjuya ɗaya a hannu, ta ce a zamaninsu irin wannan gyara ake ba yara. Muka bar duwatsun garin a baya muka ɗauki hanyar Gwaram, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, ana ta yankan riɗi.

A mota ta ba mu labari. Saboda mahara daga Ningi aka kewaye ƙauyen da ganuwa, da rami mai zurfi a bayanta, ƙofa ɗaya tak da ake rufewa da magariba. Kowane gida da rabonsa. In damina ta ɗauke sai a buga ganga, kowa ya fito ya yaɓe nasa. Yaƙi ya daɗe da ƙarewa, amma mahaifinta bai daina ba har ya rasu, ita ke ɗebo masa ruwa. Rabonmu daga kukar yamma ne zuwa ƙofa, kuma ta ce shatin yatsunsa yana nan a jiki.

Da isarmu na fara kai ta ginina. Ta shafa bango ta ce, "Wannan ƙasa ta kwaɓu." Kaina ya kumbura. Daga nan magini ya raka mu gindin kukar.

Rabon sauran gidaje yana nan, ya zaizaye ya zama tudu, awaki na kai. Daga kuka zuwa ƙofa kuwa fili ne fetal, sai sawun tayar tifa.

"Ina take?" in ji Gwaggo. "Ko idon ne?"

Na juya wajen magini da zafina. "Malam, wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Alhaji, ai kai ka ce a waya a nemo maka tsohuwar ƙasa mai danƙo irin ta mutanen da. Ba wadda ta kai ta ganuwa, ta sha kwaɓi shekara da shekaru. Mai unguwa ma ya ce kada a taɓa na kowa sai rabon gidanku, tunda naku ne."

Kunya ta kama ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aminina ya tsura wa awaki ido kamar bai taɓa ganin akuya ba. Da Gwaggo ta yi faɗa da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi a mai da ita ɗakunan. Ta bi bangon tana lalubawa da tafin hannu, daga wannan kusurwa zuwa waccan, mu muna tsaye. Da ta gama ta ce, "An sake kwaɓa ta." A nan ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifinta addu'a.

Mun dawo Kano bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, laifi tudu ne, ni kuwa nawa ban taka shi kawai ba, tifa na aika masa. Gwaggo ta sauka a ƙofar gida ta ƙi wanke hannu, ta ce a bar mata jar ƙasar tukuna.