Zamna Ƙasa

Jiya a tashar motar Gusau wani direba mai gemu ya ƙwala mini kira: "Inna Kura!" Wai yana ɗan firamare a Bungudu ya gan ni na fito a kura, a wasan kwaikwayon da muke kai wa yara kyauta. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da ya kafa ƙungiyarmu.

Baba ba ya yarda a fara wasa sai ya zauna a tabarmar yara tukuna, duk da ciwon gwiwarsa. "Zamna ƙasa," yakan ce, "ka ga abin da yaro ka gani."

A ranar Bungudun na fito sanye da fuskar kura ta ƙwarya mai haƙoran kara, tana warin baƙin tukunya, ina gurnani. 'Ya'yan manoma da na makiyaya suka fara darewa, wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka. Baba ya tsayar da wasan, ya zaunar da ni kusa da ita, ya karɓi fuskar ƙwaryar ya ɗaura a tasa fuskar, ya tsaya a kanmu. Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi.

A durƙushe na ƙarasa wasan, yarinyar na jan wutsiyata tana ƙyalƙyala dariya.

Direban ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba har Tsafe.

Allah ya shimfiɗa wa Baba tabarma a Aljanna, inda gwiwa ba ta ciwo.