Rakodar da Na Gina Cikin Bango

A garinmu, can ƙasar Dogarawa, idan ka sayi rakoda to dangi ka saya wa. Kai dai naka biya da gyara. Suna, biki, kamun amarya, har wanda aka sallamo daga asibiti, sai a turo a ce wane na gaishe ka, ya ce a ba da rakoda. Ba a cewa don Allah. Kuma ba a maido ta idan an gama, sai ka bi sawu gida gida kamar mai cigiyar akuya.

Ni tela ne a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, saurayi, kekena a bakin kasuwa. Ba na shan taba, ba na caca, babur bai dame ni ba. Kiɗa ne kawai ya kama ni, kuma ya kama ni da kyau. Rakodata ta farko ƴar ƙarama ce mai hannu, ban jin ta kwana ɗakina rabin kwanakin da ta yi a duniya. Ta dawo da yashi a ciki. Ta dawo ba murfin kaset. Ta dawo da kaset ɗina na kiɗan goge an ɗauki surutun mata a kansa, ana ta gardamar wa ya ɓoye ludayi. A sunan jikan Baffa ta mutu, shi Baffa yayan mahaifina ne, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifin. Wani gwani ya haɗa ta da batirin mota ya juya wayoyin, ja a wurin baƙi. Aka kawo mini ita cikin kwando tana warin ƙuna. Baffa ya ce, "Ƙaddara ta, Allah shi maida alheri." Na ce amin. Ba amin ce a raina ba, amma ita na faɗa.

Na daɗe ina taka keke kafin na sake ɗaga kai. Da na tashi, sai na tsallaka iyaka ta Ƙonni na shiga kasuwar Illela ta Najeriya, ba tamu ba, na sayo wadda raina ke so: baƙa, mai gidan kaset biyu, sifikunta ana cire su, ga ƴan fitilu ja da kore suna tsalle tare da kiɗa. Mai shagon ya haɗa mini da abin kunne, irin mai baka bisa kai da soso a gefe. Tun a mota, ina rungume da kwali, wani ɗan garinmu ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Ta ko zo daidai, matata ta kusa haihuwa." Nan na san idan ban yi wani abu ba, wannan ma a kwando za ta dawo.

Matsalar ita ce ba a ce wa dangi a'a a wurinmu. Ka ce ba ta nan, a ce an ji ta jiya. Ka ce ta lalace, a ce kawo a gani. Ka fito fili ka hana, to ka zama marowaci har jikokinka su gaji sunan. Bakina ba zai iya ba. Sai na ce bari in samo abin da zai hana a madadina.

Na sayi randa biyu manya wajen masu ginin tukwane. Dama na taɓa ganin wani mai gyaran rediyo a Malbaza ya ɗora sifika a bakin tulu, muryar ta yi kauri har kana jin ta a ƙirji. Na kwance sifikun daga akwatunansu, na daidaita kowace a bakin randa da katako da robar tayar keke. Na kwaɓa laka da yankakkiyar ciyawa, na gina dakali a jikin bangon ɗakina daga ciki, randunan a kwance cikinsa, ɗaya dama ɗaya hagu, bakinsu kaɗai ke leƙowa. Ita rakodar, na faɗaɗa alkukin da nake ajiye fitila na zaunar da ita ciki, na gicciye ta da ƙarafa biyu da mai walda ya lanƙwasa mini, na binne bakinsu cikin bango. Wayoyi na zura a tiyo na shafe da yaɓe. Batiri kaɗai ke fita, shi ma don in kai shi caji Malbaza a bayan keken hawa.

Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta same ni laka har gwiwar hannu.

"Mi kaka ginawa haka cikin ɗaki, murhu?"

Na ce, "Murhu na, Inna, amma ba shi hayaƙi."

Ranar da laka ta bushe na saka kaset na kalangu. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma har yau da kayan zamani suka cika gari ban sake ji ba. Ganga ta fito daga ƙasa, ta bi tabarma ta hau ƙafata. Na ji numfashin mai waƙa kafin ya ɗauki baiti. Na ji wani cikin ƴan amshi yana makara kullum a wuri ɗaya, mutumin da na yi shekara ina sauraron kaset ɗin ban san yana ciki ba. Daga nan na tsara rayuwata. In na tashi daga kasuwa bayan la'asar, in yi wanka, in goge kan rakoda da auduga, in juya kaset da biro don kada batiri ya ƙare a banza, in zauna tsakiyar randunan nan biyu. Goge, gurmi, jitar mutanen Kongo, waƙoƙin Indiya da ban san kalma ɗaya a ciki ba. Ƙofata a buɗe take. Duk mai so ya zo ya zauna, kuma suna zuwa, har tsofaffin da ke cewa kiɗa shirme ne sukan jingina da bangon ta waje wai inuwa suke sha.

Masu aro ma suka zo. Na kan tashi da fara'a in ce, "Bismilla, ga ta nan, ɗauka." Mutum ya shiga, ya ja, ya duba ƙarafa, ya duba ni. Wani ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Wani ya fita ko sallama babu. Mai matar nan da ta kusa haihuwa cewa ya yi, "Kai dai an yi mugun yaro." Na ji daɗin wannan zagi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai auren autar Baffa ya taso da damina. Bai aiko kowa ba. Shi da kansa ya ratso tsakar gida ya tsaya ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shiga, ya daɗe yana kallon bangon, ya ƙwanƙwasa dakalin da sandarsa.

"Wanga aiki, don wa anka yi shi?"

"Don ƙura da yara, Baffa."

"Ni ne ƙurar, ko ni ne yaran?"

Sai na ce masa a kawo zaman matan biki ƙofar ɗakina, ga fili ga inuwar itacen bedi, ni da kaina zan wuni ina saka musu duk abin da suke so, batiri ma zan aro na biyu. Na ce ɗinkin amarya duka a kaina. Da zuciya ɗaya na faɗa, yarinyar ƙanwata ce, a bayan Inna ta girma.

Ya ce, "Ɗana, ba kiɗi nika nema ba. Makaɗa sun cika gari. So nikai in sani, in na aiko ɗakin ga a ɗauko abu, ana ɗaukowa ko ba a ɗaukowa. Ka rushe shi."

A lokacin akwai yarinyar da nake nema a Badagishiri, ɗiyar wani mai lambun albasa. Na san ta ne a kasuwarsu, inda nake kai ɗinkakkun riguna. Mun daidaita, iyayenta sun san da ni, abin da ya rage manyana su je da goro bayan kaka. Manyana kuwa Baffa ne, ba wani. Ya san haka sarai. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Wanda ya gina bango tsakaninai da dangi, sai bangon ya kai mishi goro Badagishiri."

Ban rushe ba. Aka yi biki da makaɗa, na ɗauki benci, na yi ɗinkin da na yi alkawari, na tsaya rabon abinci. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya ce mini sannu. Baffa ya hana mutanen gida zama ƙofata, ya ce kada ya sake jin ganga a tsakar gidansa. Wannan na bi, gidansa ne. Sai na ciro abin kunnen nan daga kwali, wanda tun da na saya ban damu da shi ba. Randuna suka yi shiru. Na kan zauna da la'asar ni kaɗai, baka bisa kai, kiɗa na shiga kunnena ba ya fita ko'ina. Inna ta ce abin ya yi mata kama da mutum ya juya baya yana cin tuwo. Na ce ai ba ni na juya ba, juya ni aka yi.

Da aka yanke gero na ɗauka maganar ta mutu, tunda biki ya wuce, ba abin da za a yi da rakoda kuma. Na je zaure na durƙusa na tuna wa Baffa zancen Badagishiri. Ya ce yana nan a kan bakansa. In rushe, in ɗauko ta da hannuna in kawo zaure ta kwana, da safe ya mayar mini, jibi ya hau mota da goro. Ko kunna ta ba zai yi ba.

Abin nan ya fi komai ƙona mini rai. Da a ce buƙata ce, wallahi da na duba. Amma so yake gari ya ga an ɗauko. Kuma na san ranar da ta taka zaure, ta zama ta kowa ke nan, ni ma haka. Na yi shekaru ina ɗinka wa gidan nan kayan salla ba ko sisi, geron da na noma rumbu ɗaya yake shiga da na kowa, keken hawana ma sai in nema in rasa. Ban taɓa cewa uffan ba. Abu ɗaya tak na ce nawa ne, shi ne ya zama laifi.

Inna ta yi ta bi na. "Laka ta fa, ɗan nan. A rushe a sake. Kai kaɗai gare ni, so kakai in mutu ban ga ɗiyanka ba?" Wannan magana ta fi ta Baffa nauyi, don ita ba ta da sanda.

Na shirya na tafi Badagishiri ni kaɗai ranar kasuwa. Na sami mahaifin yarinyar a fadama yana ban ruwa. Mutumin kirki ne, ya ajiye guga ya saurare ni har na gama. Ya ce ba shi da abin cewa a kan halina, amma su ba su ba da ɗiya ga wanda ya zo shi kaɗai, gobe in wani abu ya taso wa za su kama? Ya ce zai jira har a cire albasa, bayan nan akwai wasu masu magana. Ita kuma na gan ta a bakin kasuwa, tana tare da ƙawarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Kwana guda fa anka ce." Na yi ta kewaye-kewaye ina son in fahimtar da ita ba rakoda ba ce maganar. Ta ce ita dai rakoda ta ji an ce. Gaskiyarta, ban da abin da zan nuna mata da ya wuce wannan.

A motar dawowa na yi kuka, fuskata a taga, ina yi kamar iska ce. Ina son yarinyar nan. Na zo da wannan maganar har tsufana, kuma duk wanda ya ce mini ai ba komai ba ne, bai san abin da yake faɗa ba. An cire albasa, aka ba wani aurenta, na ji labari a bakin wani direba.

Washegarin ranar da na ji, da hantsi, ban fita kasuwa ba. Na ɗauki fartanya da bokiti na ratsa tsakar gida. Inna na bakin murhu. Ta ga fartanya, ta ga na nufi ɗakina, sai ta miƙe tsaye har zanenta na kamawa da itace. Ita ba ta riga ta ji labarin ba. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi ba ka masu yi maka biyayya."

Na ce amin. Na wuce bayan ɗaki na haƙo ƙasa, na zuba ruwa, na cire takalmi na shiga kwaɓi. Damina ta tsaga dakalin ta gefen randar hagu, tsagar ta kusa kai wa tiyo. Na kwaso laka na shiga na fara cikewa.

Ta biyo ni ta tsaya bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon hannuna yana shafe tsagar. Na jira ta janye albarkar da ta sa mini, don ba don wannan ta sa ba. Ba ta janye ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da gefen mayafi, ni kuma na ci gaba da yaɓe har na kai ƙarshen bangon.